Sau biyar sihirina bai ci ba, na ce abokina maguɗi yake min

Salam Yaya. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons bugu na 3.5, wasan tebur ne na labari da ake jefa dayis a cikinsa, kusan shekara biyu kenan, abokina tun na yarinta shi ke jan wasan, ni kuma matsafi nake bugawa ina mataki na 9. Zama uku a jere yana haɗa mu da wani dodo da ake kira mind flayer, kuma ka san su sihiri ba ya cinsu ta daɗi. A zaman ƙarshe sau biyar ina jefa sihiri sau biyar yana ce min bai ci ba. Ina da dutsen sa'a mai ƙara 1, ya ce wai ba ya shiga wannan jifan. Mai warkarwar ƙungiyarmu yana da baiwar sa'a, ya ce zai ara min in sake jifa, nan ma ya hana. Da na gaji na jefa Web, sihirin yanar gizo, sai ya ce shi ma sai na fasa taurin da ke kare dodon daga sihiri tukuna wai sihiri sihiri ne, na jefa na sake faɗuwa. Wallahi ban san sanda na buga tebur na ce maguɗi yake min ba, na kwashi kayana na fita. Sati biyu kenan ko gaisawa ba ma yi. Ni ne mara sa'a, ko dayis ɗina ne ya lalace, ko da gaske da gangan yake min?

Wa'alaikumus salam ƙanena.

Toh ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka, domin a cikin hukunci uku da abokin nan naka ya yanke, biyu ya yi daidai, ɗaya ne kawai ya kauce, kuma ko a ɗayan ma ni ban ga alamar maguɗi ba, kuskuren karatu na gani irin wanda kowane mai jan wasa yake yi. Amma bari mu fara da sau biyar ɗin nan da ke ci maka rai, don na lura shi ne ya kai ka ga buga tebur, sauran duk ƙari ne.

Mind flayer a bugu na 3.5 taurinsa 25 ne. Kai kuma abin da doka ta ba ka shi ne ka jefa dayis mai fuska 20 ka ɗora matakinka na matsafi a kai, in jimlar ta kai 25 ko ta wuce sihiri ya shiga, in ba ta kai ba ya bi iska. Kana mataki na 9, kenan sai ka jefa 16 zuwa sama. 16, 17, 18, 19, 20, fuska biyar kenan cikin ashirin, kashi 25 cikin 100. Wato tun kafin hannunka ya taɓa dayis ɗin, uku cikin huɗu faɗuwa ce ke jiranka. Yanzu ka ninka uku bisa huɗu sau biyar, abin da zai fito kusan kashi 24 cikin 100 ne. Ka ga abin da kake kira rashin sa'a na fitar hankali, kusan duk dare ɗaya cikin huɗu haka zai faru ga duk matsafin da ke matakinka in ya nace sai ya yi jifa biyar a kan dodon nan. Ai ba abin mamaki ba ne ma, da a ce ka ci sau huɗu cikin biyar ɗin shi ne za mu tsaya mu duba dayis ɗinka da kyau.

Kuma fa ƙofa biyu ce ba ɗaya ba, wannan mutane suna yawan mantawa. Ka ɗauka Hold Monster ka jefa, sihirin nan mai daraja ta 5 da ke sandarar da dodo, ka fasa tauri, to har yanzu dodon yana da jifan tsira nasa, wato shi ma zai jefa dayis ya ga ko zai kuɓuta, kuma mind flayer ƙarfinsa duk a ƙwaƙwalwa yake, +9 gare shi a jifan tsira na tunani. In lambar da zai tsallake 19 ce, 10 kawai yake nema, kashi 55 zai tsira, 45 ne naka. Haɗa 25 ɗin can da 45 ɗin nan ka ga abin da ya rage maka, kashi 11 da ɗan ɗoriya, sau ɗaya cikin tara kenan. Sihiri mai daraja ta 5 ka ƙona a kan ɗaya cikin tara sannan ka zo kana zargin abokinka, haba ƙanena.

Na san zafin fa, ba wai ina maka dariya ba ne. Ni ma akwai wani dayis kore da na taɓa saya, dare guda ya ba ni 3, ya ba ni 2, ya sake ba ni 3, na ɗauke shi na jefa cikin gwangwani na rufe na ce ya zauna a kurkuku sai ya tuba, wata biyu yana ciki. Daga baya wani a teburinmu ya kawo kofi ya narka gishiri mai yawa a ruwa har dayis ɗin ya taso sama, muka riƙa ɗan taɓa shi da yatsa yana juyawa muna kallon fuskar da za ta tsaya a sama, kowane juyi wata lamba daban yake nunawa, lafiyarsa ƙalau. Kunya ta kama ni na zaro shi na goge da gefen riga na mayar cikin jaka ban ce uffan ba. In hankalinka bai kwanta ba kai ma ka gwada, in fuska ɗaya ce take ta dawowa sama kullum to nauyinsa ya karkata, ka canza shi, amma ina kyautata zaton za ka tarar da abin da na tarar.

Sai maganar dutsen sa'a. A nan abokinka ya yi gaskiya. Ka buɗe ka karanta bayanin dutsen, ƙarin 1 ɗin nan a wurare uku aka ce yana aiki, jifan tsira, jifan ƙwarewa, da jifan da ya rataya a kan sifofin nan shida irin su ƙarfi da basira. Jifan fasa tauri ba ya cikin ukun, shi jinsinsa daban ne, matakinka na matsafi kaɗai yake kallo, ko basirarka ba ta shiga ciki, in ka ga dama ka kai basira 30 ba za ta ƙara maka ko ɗigo a wannan jifan ba. Sunan "sa'a" ne yake ruɗin mutane, sai a ɗauka duk inda aka jefa dayis dutsen zai sa hannu. Kuma ko da ya bar maka shi ma me zai canza, daga 16 ka koma neman 15, kashi 25 ya zama 30. A kan kashi biyar kuka yi sati biyu ba kwa magana.

Tunda muna nan bari in ƙara maka wani da zai iya haɗa ku faɗa nan gaba, 20 ba ta cin kanta a wannan jifan. A jifan kai hari da jifan tsira ne 20 take nasara ko ta halin ƙaƙa, 1 kuma take faɗuwa ko ta halin ƙaƙa. A fasa tauri lissafi ne zalla. In ya kawo muku dodon da ake kira pit fiend mai tauri 32 kana mataki na 9, ka jefa 20 ka tashi kana ihu, jimlarka 29 ce, bai ci ba, kuma ba zalunci aka yi maka ba.

Maganar mai warkarwa da aron sa'a kuwa, ina jin na gano inda kuka samo ta. A 3.5 baiwar sa'a ta mai warkarwa sau ɗaya ce a rana, kuma jifan da shi da kansa ya yi ne yake sakewa, kafin mai jan wasa ya faɗi ko an ci ko ba a ci ba, sannan dole ya karɓi na biyun ko da ya fi na farko muni. Ba a ara wa wani. Wadda ake ara wa abokin tafiya a Pathfinder take, wasan da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 a kan ginshiƙin 3.5 ɗin, a can ne mai warkarwa zai taɓa ka, zagaye ɗaya duk dayis mai fuska 20 da ka jefa sai ka jefa biyu ka ɗauki wanda ya fi. Wasannin biyu sun yi kama sosai shi ya sa in mutum ya bincika a intanet sai ya kwaso dokar wancan ya kawo wannan teburin bai sani ba. Da a Pathfinder kuke da abokinka ne ya yi kuskure, tunda a 3.5 kuke to hanin da ya yi daidai ne.

Ka ɗauka ma ya yarda an ara maka. Jifa biyu a kan kashi 25 yana kai ka kusan kashi 44. Ya ƙaru kam, ba zan ce bai ƙaru ba, amma har yanzu faɗuwa ta fi nasara yawa, kuma mai warkarwa ya ɓata zagayensa guda yana shafa maka sa'a maimakon ya ɗaga wanda ke kwance. Abin da nake so ka gane kenan, kai duk hankalinka ya tafi kan yadda za ka lallashi dayis, alhali lambar 25 ɗin nan gaya wa matsafi irinka take ya daina jifan dodon kai tsaye. Waɗanda suka tsara wasan sun san matsafi in ya kai mataki na 9 ya fara fin kowa a teburin, sai suka ajiye wasu dodanni da za su tilasta masa ya canza salo, mayaƙan nan masu takobi su ma su samu ranar nuna kansu.

Kuma ka gode ma ba a zamanin da kake wasa ba. A tsohon bugun wasan nan, wato AD&D na ƙarshen shekarun 1970 taurin sihiri da kashi cikin 100 ake rubuta shi, na mind flayer 90 ne, kuma an gina lambar a kan matsafi mai mataki na 11, duk mataki ɗaya da ka gaza haka a ƙara wa dodon kashi 5. Kai mai mataki na 9 ka lissafa, 90 da 10, ɗari cif, ko jifan ma ba sai an wahalar da kai ba. Bugu na 3 da ya zo a 2000 shi ya mayar da abin hannun mai wasa ya ce kai ka jefa da kanka, 3.5 ta 2003 ta ci gaba a haka. Bugu na 5 na 2014 kuma ya sauƙaƙa gaba ɗaya, babu jifan fasa tauri, dodon ne kawai yake jefa dayis biyu a jifan tsirarsa ya ɗauki babba, wanda da rabi da rabi ne zai tsira sai ya koma kashi 75. Ko a can ɗin ma baiwar Lucky mai maki uku ba ta taɓa jifan tsirar dodo, naka jifan take gyarawa ko harin da aka kawo maka, kullum sai an yi wannan gardamar a tebura.

Yanzu ga inda kake da gaskiya, kuma ka riƙe ta da kyau amma ba da faɗa ba. Web ba ya neman fasa tauri. Kusan kowane sihiri a littafin 'yan wasa yana da layi a samansa da ke cewa tauri yana aiki a kansa ko ba ya aiki, na Web "a'a" aka rubuta ƙarara. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, tauri yana kare jikin dodon daga sihirin da ya taɓa shi kai tsaye, Web kuwa yanar gizo ce ta gaske ka ƙirƙiro ta cika ɗakin, bayan ta wanzu ta zama abu kamar igiya ko bango, dodo ya maƙale a ciki kamar kowa. Maganar "sihiri sihiri ne" ba doka ba ce, gajiya ce irin ta mai jan wasa da ke riƙe da dodanni huɗu da taswira da lissafin kowa a kansa ga kuma abokinsa yana huci a gabansa. Da ka buɗe shafin ka tura masa a hankali ka ce duba layin nan, da a nan maganar ta mutu.

Abin da ya ba ni haushi da kai shi ne sai da ka ƙona sihiri biyar sannan ka tuna da Web, alhali da shi ya kamata ka buɗe. Jakarka cike take da irinsa in ka duba. Grease, Glitterdust, Stinking Cloud, Solid Fog, Black Tentacles, Wall of Stone, Acid Arrow, duk tauri ba ruwansa da su. Kuma mind flayer duk tsoron da ake ji nasa jikinsa lagwani ne, maki 44 ne na rai gare shi, kariyarsa 15, jifan tsirarsa na juriyar jiki +3 kacal. Stinking Cloud, sihirin hayaƙi mai wari, juriyar jiki yake nema. Ka sake masa hayaƙin nan, in ya faɗi jifan sai tashin zuciya ya hana shi komai sai ɗan motsi, babu bugun ƙwaƙwalwar nan tasa mai sumar da mutane zagaye 3 zuwa 12, mayaƙinku ya jira shi a bakin hayaƙin. Ko ka jefa Haste, sihirin ƙara sauri, a kan mutanenka tun zagayen farko, su ai ba su da taurin da zai hana, kowa ya samu ƙarin sara, dodo mai maki 44 zagaye nawa zai yi a gaban mayaƙa biyu masu Haste. Ko ka kira dabba da Summon Monster ta cije shi, haƙori ba ya tambayar tauri. Na san ba daɗi kamar ka ga Fireball ɗinka, ƙwallon wutar nan, ta tashi kowa ya ce kai, amma matsafan da suka daɗe a 3.5 yawancinsu a nan suke cin abincinsu, su gyara fili wasu su yi saran.

In kuma ka ce kai lallai sai ka fasa taurin nan da hannunka, akwai hanya, kuma ba ta sa'a ba ce. Baiwar Spell Penetration tana ƙara 2, babbar yayarta Greater Spell Penetration ta ƙara wasu 2, da ta farko kana neman 14 wato kashi 35, da duka biyun kana neman 12 wato kashi 45. Matsalar ita ce baiwarka ta gaba da za ka iya zaɓar wannan sai mataki na 12, ta mataki na 10 da matsafi ke samu kyauta an taƙaita abin da ake ɗauka da ita, wannan ba ya ciki. Sai dai ka roƙi abokinka ya bar ka ka musanya wata tsohuwar baiwa da ba ka amfani da ita, littafin Player's Handbook II na 2006 ma ya kawo dokar yin hakan, ka ga kenan kana buƙatar ku shirya. Wanda ya fi duka shi ne Assay Spell Resistance da ke cikin littafin Spell Compendium na 2005, sihiri mai daraja ta 4, ana jefa shi cikin ƙiftawar ido ba ya cin zagayenka, ya ba ka ƙarin 10 a kan dodo ɗaya da ka zaɓa. 9 da 10 sha tara, 6 kawai kake nema, daga kashi 25 ka haye 75. Babu dutsen sa'a ko aron sa'a da zai kai ka kusa da nan. Amma shi ma sai mai jan wasa ya yarda a shigo da littafin teburinsa, ka ga mun sake dawowa kansa.

Shi ma ina da magana a kansa, in ya ga wannan ya ji. Zama uku a jere da dodanni masu tauri 25 alhali matsafi ɗaya ne a ƙungiya kuma bai shirya musu ba, ya yi yawa. Mai jan wasa yana ganin fuskokin mutanensa, in ya ga mutum ɗaya ya yi awa uku yana jifa ana ce masa bai ci ba, ya kamata ya sako wasu ƙananan bayi marasa tauri a gefe da matsafin zai huce a kansu, ko ya sa a tsinci takardar sihiri a wani akwati da za ta nuna masa hanya. Wataƙila labarin da ya tsara ne ya kai ku garinsu dole sai an bi ta kansu, wataƙila kuma yana jira ne ka gano da kanka ka canza salo shi ya sa yake ta maimaitawa. Ko ma wanne ne wannan magana ce ta bayan wasa, ku biyu, ba a gaban mutane ba. Kuma jifan nan kai kake yinsa da hannunka a fili kowa yana gani, lambar 25 tana cikin littafi, to ta ina maguɗin zai shigo?

Kalmar maguɗi ita ce ta yi ɓarnar, ba Web ba. Mutumin da ke zama tsakiyar mako yana zana taswira yana rubuta sunayen mutanen gari don ku zo ku ji daɗi, ka ce masa macuci a gaban sauran ukun, dole ya yi shiru da kai. Don haka kai za ka fara, kuma kada ka haɗa ban haƙuri da gyara a numfashi ɗaya, irin "ka yi haƙuri amma ai kai ma", wannan sabon faɗa ne. Ka kira shi, ba saƙo a gurup ba, ka ce abokina na yi kuskure da na ce maguɗi kake, na zauna na yi lissafi na ga 16 nake nema, ka yafe min. Ka tsaya nan. In ya sauko kuka fara dariya, shi da kansa zai iya tado maganar Web, in bai tado ba ka bari sai kwana biyu ka tura masa hoton shafin ka ce kafin zama na gaba mu daidaita waɗannan, wane sihiri ne tauri ke tarewa, za ka bar ni in musanya baiwa ko a'a, Spell Compendium yana shiga ko ba ya shiga. Duk abin da ya yanke ku rubuta a takarda ɗaya ku ajiye a tsakiyar tebur, ko bai yi maka daɗi ba.

Sannan ka zauna da takardar matsafinka ka bi sihirin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda tauri ba ya tarewa ka sa masa alama da jan biro a gefe. Ranar wasa ka shirya Stinking Cloud biyu, Haste ɗaya, Web ɗaya, Black Tentacles ɗaya, Fireball ɗin ka bar guda ɗaya saboda bayin da ke tsaron ƙofa. Sauran ukun ma ka ce musu su yi haƙuri da tashin da ka yi ka bar su a tsakiyar faɗa, don na tabbata daren nan bayan fitarka ba su ji da daɗi ba a hannun dodannin nan.